Windows 11 ta ƙi hawa kwamfutata, wace Linux zan ɗora?

Tambaya daga wani malamin sakandare a Tudun Wada, Kaduna: "Assalamu alaikum. Ina da HP EliteBook 840 G3 tokumbo, RAM giga 8, rumbun ajiya mai juyawa giga 500. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa da haɗa sakamakon ɗalibai. An daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma ta ƙi hawa. An ba ni shawarar in koma Linux, amma da na duba sai na ga Ubuntu da Mint da Fedora, kowacce tana ta fitar da sabuwa. Wacce zan ɗauka? Sabuwar fitowa ce ta fi? Kuma yaya zan ɗora ba tare da na rasa takarduna ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sa wa aikin koyarwa albarka. Kwamfutarka da sauran ƙarfinta, kuma tana cikin irin waɗanda Linux ke zama daram a kansu. Shawarata ka ɗora Linux Mint, zubin Cinnamon (sunan fuskar aikinta ne), daga jerin 22, wanda masu haɗa shi suka ɗauki alkawarin kulawa da shi har shekarar 2029. Kada girman lambar sabuwar fitowa ya ɗauke maka hankali. Ga mai aiki irin naka, abu biyu ake dubawa a kowace fitowa: yaushe za a daina aiko mata gyaran tsaro, kuma kayan aikinka suna tafiya a kanta ko ba sa tafiya.

Bari mu fara da abin da ya samu Windows ɗinka, don ka san iya gaggawar da ke kanka. Microsoft ta tsayar da kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wannan bai sa kwamfuta ta daina kunnuwa ba. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓarakar tsaro da ake ganowa wata bayan wata, sai dai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya buɗe zuwa Oktoban 2026. Ita kuwa Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesan Intel daga tsara ta 8 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Taka tsara ta 6 ce, shi ya sa aka rufe mata ƙofa. Na san in ka kai ta shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello za ka samu wanda zai ce kawo in tsallake maka wannan shinge, kuma zai iya, don hanyar sananniya ce. Amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta lamunce wa irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba. Kwamfutar da ke riƙe da makin ɗaruruwan yara ba ta dace da zaman rashin tabbas irin wannan ba.

Yawan sunayen da ka gani shi ne ke fara rikita kowa. Linux ɗin kanta ƙwaya ce kawai, wato ɓangaren da ke magana da firosesa da RAM da sauran sassan inji. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya kuma bar tushenta a buɗe, kowa na iya karantawa ya gyara ya raba. Daga nan ƙungiyoyi da kamfanoni suka riƙa ɗaukar ƙwayar suna haɗa ta da kayan GNU da fuskar aiki da manhajojin yau da kullum, kowa ya sa wa haɗinsa suna. Debian ta fito a 1993. Ubuntu ta fito a Oktoban 2004 daga kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, kuma a kan Debian aka gina ta. Mint ta zo a 2006, an gina ta a kan Ubuntu. Fedora gidanta daban, kamfanin Red Hat ne ke ɗaukar nauyinta. Kenan Debian da Ubuntu da Mint 'yan gida ɗaya ne, wanda ya iya ɗaya bai sha wuyar sauran ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ubuntu na fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma lambar zubin ita ce ranar haihuwarsa: 24.04 na nufin Afrilun 2024, 25.10 na nufin Oktoban 2025. Amma ba darajarsu ɗaya ba. Na Afrilun shekarar da ke rabuwa biyu daidai, kamar 22.04 da 24.04 da 26.04, shi ne mai dogon wa'adi, wanda za ka ga an liƙa masa haruffan LTS, ana kula da shi shekara 5. Sauran ukun da ke fitowa a tsakani wata 9 kacal ake ba su. Duba abin da wannan ke haifarwa: wanda ya ɗora 25.04 don ya ga ta fi 24.04 sabunta, wa'adinsa ya ƙare a Janairun 2026, alhali mai 24.04 yana zaune lafiya har 2029. Wanda ya bi sabuwa ya riga mai tsohuwa shiga rana. Fedora kuma tana fitar da sabuwa kusan kowane wata 6, kowacce na samun kulawar kimanin wata 13, saboda haka aƙalla sau ɗaya a shekara sai ka yi babban ƙaura, ka sauke giga-gigai. Ga mai rubuta manhaja da ke son sabbin kayan aiki da zafinsu, wannan abin so ne. Ga malamin da ke sayen data da albashinsa kuma zango na jiransa, wahala ce da ba ta ƙara masa komai.

Mint ta rage maka wannan lissafi gaba ɗaya, domin babban zubinta a kan Ubuntu mai dogon wa'adi kaɗai ake gina shi. Mint 21 ta hau kan 22.04, kulawarta zuwa 2027. Mint 22, mai laƙabin Wilma, ta fito a Yulin 2024 a kan 24.04. Bayanta 22.1 ta fito a Janairun 2025, 22.2 a Satumban 2025, kuma duk 'yan jerin tushensu ɗaya, wa'adinsu ɗaya. Waɗannan ƙananan lambobi su ne "sabuwa kullum" da kake gani, gyaran fuska ne da 'yan ƙare-ƙare, kuma ko ba ka hau su ba gyaran tsaro zai ci gaba da iso maka. Ka ɗauki ta ƙarshe a jerin da ka tarar a shafinsu. In kuma ka tarar wani sabon babban jeri ya fito kwanan nan, ba laifi ka ɗan jinkirta masa. Ita kanta Ubuntu ba ta tayin ƙaura ga masu tsohon zubi mai dogon wa'adi sai zubin gyara na farko ya fito, na 24.04 sai ƙarshen Agustan 2024 ya zo, wata huɗu bayan fitowarta. In masu abu sun jira, mu ma mu jira.

Wuri ɗaya ne sabuwar fitowa ke da hujja mai ƙarfi, wato idan kwamfutar ce sabuwa fil, ta fito bayan ƙwayar Linux ɗin da ke cikin zubin. Nan za ka iya samun wayafai ko sauti ya ƙi, don direbansu, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa su, bai riga ya shiga ba. Taka ta shekara da shekaru a kasuwa, duk direbobinta sun daɗe da zama cikin ƙwaya.

Me ya sa na fifita Mint a kan Ubuntu, tunda tushensu ɗaya? Da farko data. Fayil ɗin ɗora Ubuntu 24.04 ya kai wajen giga 6, na Mint wajen giga 3. Sannan Ubuntu na kawo wasu manhajoji, har da Firefox, a tsarin da ake kira Snap, wanda ke sabunta kansa a bayan fage ba tare da ya tambaye ka ba. Wanda ya jona kwamfuta da wayarsa ya san zafin duba data ya ga ta tafi bai san inda ta bi ba. Mint tana zuwa da Snap a kashe, kuma ba ta sauke sabuntawa sai ka danna da hannunka. Na biyu, fuskar Cinnamon tana kama da abin da hannunka ya saba: maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama, foldodi kamar yadda ka san su. Na uku, in ka maƙale, mai taimako ba ya wuya, domin kusan duk bayanin da aka rubuta don Ubuntu yana aiki a Mint, kuma daga cikin ɗaliban kwamfuta na Kadpoly da KASU da ABU Zariya, waɗanda suka taɓa Linux galibi ta wannan gida suka shiga. Kamar sayen mashin ne, wanda kowane bakanike a unguwa ya san cikinsa kuma kayansa na kasuwa shi ake saye. Debian 13, wadda ta fito a Agustan 2025, tana da aminci ƙwarai kuma ina girmama ta, sai dai tana barin sabon shiga ya yi wa kansa abubuwa da yawa da Mint ta riga ta gama.

Kafin ka sauke komai, ka zauna ka rubuta manhajojin da cin abincinka ya rataya a kansu. Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, kuma shi ke mayar da su Windows cikin fushi bayan mako guda. Chrome da Firefox da VLC da Zoom da Telegram duk suna da zubin Linux, WhatsApp kuma ta burauza. Microsoft Word da Excel na ɗorawa ba su da shi, sai dai na cikin burauza mai buƙatar intanet. Photoshop da CorelDRAW da AutoCAD ma babu. In kana taya makaranta rajistar jarrabawar fita da na'urar ɗaukar zanen yatsa, irin waɗannan manhajoji galibi don Windows ake rubuta su, to wannan kaɗai ya isa ya sa ka bar Windows a gefe guda na kwamfutar.

Aikinka na kullum kuwa LibreOffice ce za ta ɗauka, tana zuwa cikin Mint. Ga gwajin da ba zai ci maka komai ba: LibreOffice tana da zubin Windows, ka ɗora ta yau a kan Windows 10 ɗinka, ka buɗe takardar sakamakon zangon da ya wuce da tambayoyin jarrabawa biyu ko uku. Lissafin jimla da matsakaici da fitar da na ɗaya da na biyu duk za su yi aiki. Inda ake samun tangarɗa shi ne takardar Excel mai makro, irin wadda wani ya haɗa wa makaranta tana fitar da katin sakamako da danna maɓalli ɗaya, sai kuma takardun Word masu tebur cikin tebur ko alamomin lissafi da yawa. In naka sun buɗe daidai, ka haye rabin kogin tun kafin ka taɓa Linux.

Sai kwafin ajiya, kuma a nan ba na sassautawa. Ka kwashe duk takardunka da hotuna zuwa rumbun waje, ka cire shi, ka jona shi a wata kwamfutar, ka buɗe wasu fayilolin ka tabbatar suna buɗuwa. Takardun makaranta masu muhimmanci ka ƙara musu kwafi na biyu a Google Drive ko imel ɗinka. Kada ka manta da kalmomin sirri da burauza ta adana maka. Kuma ka duba ko BitLocker, tsarin Windows mai kulle rumbu da makulli, na kunne, don irin waɗannan kwamfutocin ofis da ke zuwa daga Turai sukan zo da shi. In yana kunne, ka nemo makullin ceto mai lamba 48 ka rubuta a takarda, ko ka kashe shi gaba ɗaya ka jira ya gama warwarewa. Wanda ya taɓa saitin farko na kwamfuta alhali BitLocker na kunne, Windows na iya tsayawa ta ce sai an ba ta wannan lamba, kuma babu mai gyara a Kaduna ko Legas da zai iya buɗe rumbun in babu ita.

Ka sauke fayil ɗin daga shafin Linux Mint na ainihi, kada ka karɓa daga mahaɗin da aka turo a zauren WhatsApp. Yawancin layuka na da garaɓasar datar dare, giga 3 ba zai gagara ba. In netiwok ɗin unguwarku na yankewa, ka yi amfani da toren (torrent, wata hanyar sauke fayil yanki-yanki) da shafin ya bayar, domin yana ci gaba daga inda ya tsaya kuma yana tantance kowane yanki da ya sauke. In wani abokin aiki na da fayil ɗin, karɓa a wurinsa halal ne, lasisin ma ya yarda a raba. Ko ta ina ya zo, ka gwada hatiminsa. Shafin Mint na wallafa wata lamba mai haruffa 64 da ake kira SHA256 ga kowane fayil. A Windows ka buɗe Command Prompt a foldar da fayil ɗin yake ka rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256. In abin da ya fito ya yi daidai da na shafin, fayil ɗinka cikakke ne. In ko harafi ɗaya ya saɓa, ya lalace a hanya ko an taɓa shi. A shagon gyara, kaso mai yawa na ɗorawar da ke tsayawa a tsakiya daga gurguwar saukewa ne ko filash na jabu.

Filash ɗin ya kasance giga 8, na kirki, domin akwai masu rubutun giga 64 a jiki alhali cikinsu bai kai haka ba. Ka sani duk abin da ke cikinsa zai goge. Ba kwafe fayil ɗin ake yi a jefa ciki ba, manhaja ce ke rubuta shi yadda kwamfuta za ta tashi daga kansa: Rufus ko balenaEtcher, duk kyauta ne. Akwai kuma Ventoy, wadda in ka shirya filash da ita sau ɗaya, sai ka riƙa jefa fayilolin Linux iri-iri ka zaɓa wajen tashi. Ita masu gyara suka fi so.

Daga nan sai matakin da na fi ƙauna a duk harkar. Ka kashe kwamfutar, ka sa filash, ka kunna kana danna F9, wanda shi ne maɓallin zaɓen inda za a tashi a HP; masu Dell da Lenovo F12 ne. Ka zaɓi filash ɗin. Mint za ta tashi cikakkiya daga kansa ba tare da ta taɓa rumbunka ba, in ka cire filash ka sake kunnawa Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta. Gani ya kori ji. Kada ka yi saurin danna alamar ɗorawa. Ka jona wayafai, ka kunna karatu ko wa'azi ka ji sauti, ka gwada kyamara da makirfo, ka ƙara hasken sikirin ka rage, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko ta farka. Ka jona wayarka da kebul ka kunna raba intanet, za ka ga ta kama nan take ba tare da direba ba. Mafi muhimmanci, ka ɗauke ta ka kai ta wurin firintar makaranta. Yawancin firintocin HP suna aiki da an jona su, amma wasu ƙanana irin LaserJet 1020 sai an sauko musu da ƙarin fayil, tsofaffin Canon irin LBP2900 kuma suna ba da wuya sosai. Gara ka san wannan yau da ka sani ana gobe jarrabawa. Za ka ji ta ɗan yi nauyi daga filash, wannan jinkirin filash ne.

In komai ya yi, hanya uku ce gabanka, kuma ba daidai nake ganin su ba. Wadda na fi so maka ita ce ka sayi SSD, wato rumbun ajiya marar juyawa mai sauri. Wannan samfurin naka yana da gurbin M.2 ban da gurbin rumbun da ke ciki yanzu, saboda haka za su iya zama tare. Ka sa mai gyara ya saka SSD mai giga 256, ya cire tsohon rumbun na ɗan lokaci, ka ɗora Mint a kan sabon, sannan a mayar da tsohon. Dalilin cirewar shi ne manhajar ɗorawa takan ajiye fayilolin tashi a rumbun Windows in ta gan shi, ko da ka nuna mata wani. Ban da haka, rumbun da ba ya cikin kwamfuta ba za a goge shi bisa kuskure ba. Bayan nan F9 zai ba ka zaɓin wanda kake so. Ribar ta biyu ita ce sauri. Nauyin da kake ji a kwamfutar nan yawancinsa daga rumbu mai juyawa ne, ranar da ka koma SSD za ka ɗauka wata aka canza maka.

In aljihu bai ba da dama ba, sai zaman tare a rumbu ɗaya. Ka shiga Windows ka kashe abin da ake kira Fast Startup a saitin wuta, domin yana barin rumbun a kulle kamar ba a kashe kwamfutar ba. Ka buɗe Disk Management ka matse ɓangaren Windows ka bar fili aƙalla giga 100. Mint na iya zama a giga 20, amma masu ita ma 100 suke ba da shawara. Wajen ɗorawa ka zaɓi layin da ke cewa "Install Linux Mint alongside Windows Boot Manager". Hanya ta uku ita ce layin "Erase disk and install Linux Mint", kuma ma'anarsa a goge komai, har da ɓangaren D da mutane ke tara takardu suna zaton yana gefe. Kada ka zaɓe shi a rumbun da ke da Windows sai ka yi zango guda cur ba ka buƙace ta ba.

Maganar wuta ba ƙarama ba ce a nan garin. Ɗorawar kanta ba ta cika wuce minti 20 a SSD ba, amma lokacin da ake matsa ɓangaren rumbu shi ne mafi hatsari, in kwamfuta ta mutu a daidai nan ana iya rasa Windows da takardu a tare. Batirin tokumbo kuwa yakan nuna kashi 60 ya mutu ba sallama. Ka cika caji, ka bar ta a jone, kuma ka yi aikin inda akwai sola ko janareta. In kwamfutar na zafi fanka na kuka, a buɗe a busa mata ƙurar hunturu tukuna.

Tambayoyin da manhajar ɗorawa za ta yi maka kaɗan ne. Harshe, kibod, yanki, suna da kalmar sirri. A taswira ka danna Legas, shi ne agogon Najeriya duka. Akwatin ƙarin manhajojin sauti da bidiyo ka bar shi ba ka danna ba, domin in Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da kwamfuta ke tashi da shi, na kunne zai sa ka cikin wata tambayar kalmar sirri da wani shuɗin allo da ke tsorata sabon shiga. Za ka iya ɗora su daga baya da danna ɗaya. Secure Boot ɗin kansa ba sai ka kashe ba, Mint na tashi da shi. Kalmar sirrin da ka zaɓa ita za a riƙa tambayarka duk lokacin da za a canza wani abu a tsarin, to ka zaɓi wadda za ka riƙe. Akwai zaɓin rufe bayananka da makulli, yana da amfani in an sace kwamfuta, amma in ka manta kalmar babu ofishin da za ka je a buɗe maka.

Bayan ta tashi, allon maraba zai jera maka abubuwan farko. Ka fara da Timeshift, wanda ke ɗaukar hoton tsarin kwamfutar don in wata sabuntawa ta ɓata abu ka koma jiya. Ka lura tsarin yake adanawa, ba takardunka ba, rumbun wajenka na nan da aikinsa. Sai ka kunna katangar tsaro, don a kashe take zuwa. Sai Update Manager: zagayen farko yakan yi nauyi, ka bar shi sai dare, bayan nan sau ɗaya a mako ya wadatar. A shagon manhajoji na cikin Mint, wato Software Manager, kuma ka riƙa duba girman abin da za a sauke kafin ka danna, domin waɗanda aka yi wa alamar Flatpak sukan jawo ɗaruruwan mega na kayan tallafi a karon farko. In manhaja na da zubi biyu, ka ɗauki na tsarin Mint.

In kana zaman tare da Windows, za ka ga agogonta ya koma baya da awa ɗaya duk lokacin da ka fito daga Mint. Dalili shi ne Linux na ajiye agogon inji a kan lokacin duniya, Windows kuma na ɗaukar sa a matsayin lokacin gida, Najeriya kuwa tana gaban lokacin duniya da awa ɗaya. Ga mai duba agogon kwamfuta don shiga aji ko lokacin salla wannan ba wasa ba ne. Ka buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, a Mint ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, shi ke nan.

Saura rubutu, wanda shi ne sana'arka. Takardun da aka yi da Times New Roman ko Calibri za su iya zamewa in babu haruffan. Mint na zuwa da Liberation Serif mai faɗi ɗaya da Times New Roman, ka ƙara Carlito a madadin Calibri da Caladea a madadin Cambria, ko ka ɗora ttf-mscorefonts-installer ya kawo maka Times New Roman da Arial na asali. A saitin LibreOffice ka sa ta riƙa adanawa a docx da xlsx don abokan aiki. Duk abin da za ka kai shagon buga takardu, ka mayar da shi PDF tukuna, yadda ka tsara haka zai fito. A saitin kibod akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Larabci, ka ƙara su ka buɗe hoton tsarin ka ga inda ƙ da ɗ suke kafin ka fara bugu. Haruffan Noto da DejaVu suna nuna masu lanƙwasa da kyau, Amiri kuma ya dace da ayoyi da tambayoyin Larabci. Cutar nan da ke mayar da foldodin filash gajerun hanyoyi bayan an dawo daga shagon bugu ba ta tashi a Linux, har ma za ka ga fayilolin da ta ɓoye ka kwashe abinka. Sai dai fayil ɗin cutar na nan kwance a filash ɗin, ka goge shi kafin ka miƙa wa mai Windows.

Idan sabuwar ƙaramar fitowa ta zo, Update Manager zai sanar da kai, kuma hawanta aikin 'yan mintuna ne bayan ka ɗauki hoton Timeshift. Babbar ƙaura daga jerin 22 zuwa na gaba tana da manhajarta ta musamman mai suna mintupgrade, tana cin data da lokaci, kuma babu abin da ya tilasta maka ita kafin 2029. Ka ajiye ta sai dogon hutu, bayan an raba sakamako, ka sabunta kwafin takardunka, ka sake gwada sabon jerin daga filash tare da firintar makaranta kamar yadda ka yi a karon farko, sannan ka hau.